Abubakar Arrazi, Malamin Likitoci

An haifi Abubakar Muhammadu ɗan Zakariyya Arrazi a birnin Rayyu ta ƙasar Farisa, wajen shekara ta 865 Miladiyya. Ya shugabanci asibitin Rayyu, daga baya na Bagadaza.

Almajiransa kan zauna sahu-sahu. In majiyyaci ya zo, sahun farko ke fara duba shi. In ciwon ya gagare su, sai na biyu. In duk suka kasa, sannan malam ya sa baki. Ta haka akan gane wanda karatu ya zauna masa, tun ba a damƙa masa rayukan bayin Allah ba. Har littafi ya wallafa kan yadda ake jarraba likita.

Ya rasu a Rayyu wajen 925, bayan ya makance. Allah Ya jiƙansa, amin.