James Parkinson (1755–1824): Likitan Unguwa da Binciken Cutar Karkarwa

An haifi James Parkinson ranar 11 ga Afrilu, 1755, a unguwar Hoxton ta birnin Landan. Mahaifinsa, John, likita ne mai haɗa magunguna, kuma a hannunsa ya fara koyon sana'ar. A 1784 hukumar birnin ta amince da shi a matsayin likitan fiɗa, ya gaji ɗakin shan maganin mahaifinsa.

Mutum ne mai faɗin tunani. Ya rubuta ƙasidun siyasa da sunan aro na Old Hubert yana neman a faɗaɗa 'yancin zaɓe, har majalisar sarki ta yi masa tambayoyi a 1794 kan zargin maƙarƙashiyar kashe Sarki George na Uku. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana ilmin duwatsu ta Landan a 1807.

Aikin da ya dawwamar da sunansa ya fito a 1817, wato An Essay on the Shaking Palsy. Mutum shida kacal ya yi nazari a kansu, uku daga cikinsu a kan titi ya gan su. Duk da haka ya bayyana karkarwar gaɓoɓi yayin hutu, da ranƙwafawar jiki, da tafiya mai gajerun taku da sauri, da yadda cutar ke tsananta sannu a hankali. Ba shi da asibitin koyarwa ko ɗakin gwaji, kuma bai samu damar duba ƙwaƙwalwar ko ɗaya daga cikinsu ba. Saboda haka ya yi hasashen cewa lahanin yana saman laka ne, ya ba da shawarar fitar da jini daga wuya, ya kuma roƙi masana fiɗa su ci gaba daga inda ya tsaya.

Ya rasu ranar 21 ga Disamba, 1824, kiransa bai samu amsa ba. Sai bayan kusan shekara hamsin Jean-Martin Charcot, wanda ke da ɗimbin majinyata a asibitin Salpêtrière na Faris, ya tace alamomin cutar, ya raɗa mata sunan Parkinson. Magani mai tasiri kuwa sai da bincike ya samu gata. A 1957 aka kafa gidauniyar tallafa wa binciken cutar a New York. A wannan shekara Arvid Carlsson ya nuna muhimmancin sinadarin dofamin ga motsin jiki. A 1960 Ehringer da Hornykiewicz suka gano ƙarancinsa a ƙwaƙwalwar masu cutar, sannan a 1967 George Cotzias ya tabbatar da amfanin lebodofa.

Tsakanin bayanin cutar da wannan magani shekara 150 ne cif. Basirar mutum ɗaya ta iya gano cutar, amma tono asalinta ya buƙaci kuɗi da cibiyoyi. Har yau maganin sauƙaƙa alamomi yake yi, ba ya tsayar da mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma likita ya fi dogara da lura da majinyaci wajen tantance ta. Ranar haihuwarsa ce aka keɓe a matsayin ranar cutar ta duniya.