Arthur Fellig, Mai Ɗaukar Hoton Dare

Mutumin da za mu ba da tarihinsa yau shi ne Arthur Fellig, wanda duniya ta fi sani da laƙabin Weegee. An haife shi a 1899 a garin Zolochiv, wanda yanzu yake cikin ƙasar Yukren. A 1909 aka kawo shi birnin New York na Amurka, inda ya tashi cikin talauci. Ya daɗe yana aikin wanke hotuna a kamfanin Acme, sa'an nan a 1935 ya fita ya kama cin gashin kansa.

Sana'arsa ita ce bin dare: kisan kai, gobara, haɗarin mota. A 1938 aka ba shi izinin sa rediyon 'yan sanda a motarsa, saboda haka sau da yawa yakan riga sauran manema labarai isa wurin da abu ya auku.

Kyamararsa Speed Graphic ce, ƙatuwa, fim ɗinta inci 4 da 5, da fitila ɗaure a gefe. Ƙwan fitilar zamanin nan sau ɗaya tak yake ci, ya ƙone, a jefar. Kuma ba nan take yake kai cikar haskensa ba, sai bayan kamar kashi ɗaya cikin 50 na sakan, don haka tilas a daidaita buɗewar idon kyamara da wannan ɗan lokaci, in ba haka ba hoto ya fito baƙi.

Irin wannan kyamara akan haɗa mata ma'aunin nisa, watau ɗan madubin da mutum zai leƙa ya ga surar abu biyu, ya murɗa har su haɗu. To, amma da tsakar dare ina hasken ganin wannan, ga kuma gaggawa? Sai Fellig ya yi dabara. Tun kafin ya fito yakan saita nisa ƙafa 10, ya tsuke ido zuwa f/16, saurinsa kashi ɗaya cikin 200 na sakan. In ya iso, sai ya tsaya daidai nisan nan ya danna. Abin da ke ƙafa 20 kuwa rubu'in hasken kaɗai ke samunsa, shi ya sa a hotunansa fuskoki suke fari fat, bayansu duhu ƙirin.

Lalle ba duk aikinsa muke yabo ba. Shahararren hotonsa na 1943, na wata matalauciya tana hararar mata biyu masu dukiya a ƙofar gidan wasa, daga baya ta bayyana shirya shi aka yi: mataimakinsa ne ya kawo matar a buge. A ganinmu wannan ha'inci ne ga mai karanta jarida.

Littafinsa Naked City ya fito a 1945, ya ƙara masa suna ƙwarai. Ya rasu a New York ran 26 ga Disamba, 1968, yana da shekara 69.