Abubakar Tafawa Ɓalewa, Marubucin Shaihu Umar

An haifi Alhaji Abubakar a shekarar 1912 a garin Tafawa Ɓalewa cikin ƙasar Bauchi, daga nan ne kuma ya sami sunan da aka san shi da shi. Bayan karatun allo da na elamantare, ya wuce makarantar Bauchi, sannan aka ɗauke shi Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1928. Ya kammala a 1933, ya koma Makarantar Midil ta Bauchi yana koyarwa.

A shekarar ce Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Cikin littattafai biyar da aka buga sakamakon gasar har da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da kuma nasa, Shaihu Umar. Yayin da waɗancan biyu suka cika da aljannu da abubuwan al'ajabi, shi wannan matashin malami sai ya waiwayi wani miki da bai gama warkewa ba, wato cinikin bayi. Abin lura, sai a 1936 ne doka ta soke bauta ɗungurungum a Arewacin Nijeriya, saboda haka cikin masu sauraron labarin akwai waɗanda abin ya shafa kai tsaye.

Shaihu Umar da kansa yake bai wa almajiransa tarihinsa. An sace shi yana ƙaramin yaro a lokacin da mahaifiyarsa ba ta gida, ya yi ta faɗawa daga hannu zuwa hannu har Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi, ya ƙetare Sahara da shi, ya riƙe shi tamkar ɗansa, ya ba shi ilimi. Uwar kuwa ba ta zauna ba. Ta fita nemansa, ita ma aka mayar da ita baiwa, aka kai ta Tarabulus. A can suka sadu bayan shekaru masu yawa, wahala ta riga ta cinye ta, ba a jima ba ta rasu. A nan ƙarfin littafin yake. Hanya ɗaya ɗa da uwa suka bi, ta mayar da shi shaihi, ita kuwa ta ƙarar da ita, marubucin kuma bai sassauta wa mai karatu da daɗin ƙarshe ba. Wasu manazarta na ganin ya yi wa tsarin bautar sauƙi, tunda ya nuna iyayengiji nagari. Amma wanda ya bi labarin uwar da kyau zai yi wuya ya yarda da haka baki ɗaya.

Daga baya siyasa ta janye shi daga alli da alƙalami. Ya ƙaro ilimi a Landan daga 1945 zuwa 1946, ya shiga Majalisar Dokoki a 1947, ya zama minista a 1952, sannan Firayim Minista a 1957, muƙamin da ya riƙe har bayan samun 'yancin kai a 1960. An kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966, aka binne shi a Bauchi. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Turanci a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya shirya fim ɗinsa a 1976.