Abubakar Tafawa Balewa: Malamin makarantar da muryarsa ta kai Majalisar Ɗinkin Duniya

Kwalejin Barewa da ke Zariya ta samo asali ne daga Kwalejin Horar da Malamai ta Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949. A can Katsina Abubakar Tafawa Balewa, wanda aka haifa a 1912, ya yi karatu daga 1928 zuwa 1933.

Kwalejin ta ɗauki iya magana da muhimmanci ƙwarai. Ana tsayar da ɗalibi ya yi ta maimaita lafazin Turanci, ya yi karatu da babbar murya har bakinsa ya faɗa, domin gobe shi zai tsaya gaban aji. Darasi ne da ya kamata masu horar da malamai a Samaru su waiwaya.

Balewa ya koma Bauchi ya koyar a Midil, ya kuma rubuta Shaihu Umar don gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya. Bayan ƙarin karatun malanta a Landan a 1945, ya shiga siyasa. A 1950 ya miƙe a majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, a lokacin da taɓa ikon sarakuna ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

Ya zama Firayim Minista a 1957, ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1960, ana yi masa laƙabi da mai muryar zinare. An kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966.