Alhaji Umaru na Kete Karaci: malamin da ya mai da baƙunta gida

An haifi Alhaji Umaru ɗan Abubakar, Allah Ya jiƙansa, a Kano wajen shekarar 1858. Mahaifinsa ɗan fataucin goro ne, kuma wannan hanya ce ta kai Malam Salaga bayan ya yi karatu a ƙasar Hausa. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa zangon garin, sai ya koma Kete Karaci, wadda ta faɗa ƙarƙashin mulkin Jamus a Togo. Can ya zama limami, ya karantar, ya zauna da iyalinsa har rasuwarsa a 1934.

Nisan gida bai raba shi da harshensa ba. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami, ya rubuta tarihin ƙasar Hausa, almajiransa suka bazu cikin zangunan Gana da Togo.

Mu ma a Cinkassé, Dapaong da Sokodé jikokin fatake ne. 'Ya'yanmu suna karatu da Faransanci, ajami kuwa yana neman ɓacewa. In ba mu zaunar da su gaban allo ba, wa zai karanta abin da Malam ya bari? Allah Ya sa mu dace.