Alessandro Volta, Mutumin Da Ya Fara Haɗa Batir

Duk wanda ya taɓa zuba batir cikin tocila ya san akan jera ƙwaya biyu ko uku, kan wannan a gindin waccan, sa'an nan haske ya yi ƙarfi. Ya kuma san in ɗaya ta raunana sai hasken ya dushe, ko da sauran sababbi ne. Yau za mu ba masu karatu labarin mutumin da ya fara yin wannan jeri, watau Alessandro Volta.

An haife shi a garin Como, arewacin Italiya, ran 18 ga Fabrairu, 1745. Ya yi jinkirin fara magana har iyayensa suka ji tsoro ko bebe ne. Yana ƙarami ubansa ya rasu, dangi suka riƙe shi, suka so ya koyi shari'a. Shi kuwa zuciyarsa tana wajen binciken lantarki. Cikin 1774 aka ba shi aiki a makarantar garinsu. Cikin 1776 ya lura da wata iska mai kumfa tana tasowa daga laka a bakin Tafkin Maggiore, ya tara ta, ya tarar tana kama wuta. Ita ce ake kira methane. Daga 1779 ya zama babban malami a Jami'ar Pavia.

To, a birnin Bologna akwai wani likita, Luigi Galvani, wanda ya buga littafi cikin 1791 yana bayanin cewa ƙafar mataccen kwaɗo takan motsa in an taɓa ta da ƙarfe. Ya ɗauka lantarkin daga jikin dabbar yake fitowa. Da fari Volta ya yarda, amma da ya maimaita gwajin da hannunsa sai ya yi shakka, gama ya ga motsin ya fi ƙarfi in ƙarfen iri biyu ne daban. Sai ya ajiye kwaɗo ya koma ga harshensa, ya ɗora masa ƙarfe iri biyu, ya haɗa bakinsu, ya ji ɗanɗano mai tsami. Ya yi ta gwada ƙarafa biyu biyu da wani ma'auni da ya ƙera da tsinke biyu na ciyawa, yana rubuta sakamako, har ya jera su bisa ƙarfinsu. Shekaru ya yi a kan wannan aiki mai gajiyarwa.

Sai wajen ƙarshen 1799 haƙurinsa ya biya. Ya yanka faya-fayai na tutiya da na azurfa ko jan ƙarfe, ya sa kwali jiƙaƙƙe da ruwan gishiri tsakanin kowane biyu da na gabansu, ya yi ta ɗorawa har suka zama ginshiƙi. Ko wane hawa ya ƙara, ƙarfin sai ya ƙaru. Kafin wannan, lantarkin da masana suka iya tarawa tartsatsi ɗaya yake yi ya ƙare. Na Volta kuwa gudana yake yi kamar ruwan ƙorama. Ran 20 ga Maris, 1800 ya rubuta wa Sir Joseph Banks, shugaban ƙungiyar masana ta Landan, ya bayyana yadda ake haɗa shi. Cikin wannan shekara Nicholson da Carlisle suka raba ruwa zuwa iskoki biyu da shi. Cikin 1801 ya nuna shi gaban Napoleon a Faris, aka ba shi lambar zinariya.

Amma kada mu ɓoye kurensa. Ya zaci haɗuwar ƙarafan kaɗai ke jawo lantarkin, alhali kuwa tutiyar ce ke cinyewa sannu a hankali, kamar yadda Michael Faraday ya tabbatar daga baya. Nauyin ginshiƙin kuma yakan matse ruwan kwalin. Galvani ma, wanda ya rasu cikin 1798, yana da tasa gaskiyar, don jijiyoyin jiki da lantarki suke aika saƙo.

Volta ya bar aiki cikin 1819, ya koma gonarsa kusa da Como, ya rasu ran 5 ga Maris, 1827. Cikin 1881 aka sa wa ma'aunin ƙarfin lantarki suna volt don tunawa da shi.

Har wa yau hanyarsa ake bi. Batirin mota mai volt 12 ƙwaya 6 ne a jere. Masu haɗa manyan batura na lithium sukan auna kowace ƙwaya ita kaɗai, su rubuta ƙarfinta cikin kwamfuta, manhaja ta zaɓo waɗanda suka yi daidai da juna, domin rarrauna ɗaya tana iya rage amfanin duka, ko ta yi zafi ta jawo gobara.

Muna roƙon malamanmu su kai wannan gwaji cikin aji. Lemon tsami ɗaya, da guntun jan ƙarfe, da ƙusa mai rufin tutiya, sun isa ba da kusan volt ɗaya. A bar yara su auna da kansu, su rubuta, sa'an nan su jera. Yaron da ya yi jinkirin baki kuma, a yi haƙuri da shi.