Akila, Baƙo a Koranti da Afisa

Ɗan'uwa, in ƙaura ta kai ka garin da ba ka san masu bi ba, ka tuna da Akila. Bayahude ne, maɗinkin tanti. Wajen shekara ta 49 Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma, sai Akila da matarsa Bilkisu suka koma Koranti, inda suka sauki Bulus a gidansu. Da suka sāke ƙaura zuwa Afisa, suka ji Afolos yana wa'azi a majami'a. Gwanin magana ne, amma baftismar Yahaya kaɗai ya sani. Ka lura, zaƙin baki bai ruɗe su ba, ba su kuwa kunyata shi ba. Suka keɓe da shi, suka cika masa abin da ya rage game da Yesu. Daga baya ikilisiya ta riƙa taruwa a gidansu.